Ƙato Ba Ya Cewa Wayyo: Rauni da Juriya a Fagen Kokawa

Akwai wani mutum a Gusau da ba ya iya ɗaga hannunsa na dama ya wuce ƙirji. Idan zai sa riga, sai ya fara zura hannun daman a hankali, sannan ya bi da kai, kamar mai sa wa jariri tufafi. Idan ya tayar da kabbarar sallah, hannun hagu ne kaɗai ke isa kunne. Bai cika shekara 45 ba. Waɗanda suka san shi a kasuwa sun ɗauka dako ne ya cinye masa kafaɗa, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba. Waɗanda suka san shi tun yana ƙauyensu a ƙasar Bungudu sun san kokawa ce. Amma ko a cikinsu kaɗan ne suka san ainihin yadda abin ya faru. Kowane ɗan kokawa yana faɗuwa, kuma yawancinsu suna tashi su warke. Abin da ya nakasa wannan bawan Allah shi ne komawarsa fili kwana 12 bayan faɗuwar.

A ƙauyen da ya tashi, kamar sauran ƙauyukan da ke gefen gulbin Sakkwato tsakanin Gusau da Bungudu da Maru, kokawa tana da lokacinta. Sai an yanke gero, an karya dawa, rumbu ya cika, sannan ganga ke fitowa dandali. Samari su yi ayari daga wannan gari zuwa wancan, a kafa da'ira a farin wata, yara su buɗe fili, matasa su biyo, ƙatti su rufe. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba: goro, turare, ɗan kuɗin liƙi, wani lokaci riga ko akuya idan mai gari ya ji daɗi. Suna shi ne ribar. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a rataye walki da layu, kowa ya ɗauki hauya. Babu wanda ya zauna ya rubuta wannan tsari, amma yana ɗauke da kariya ga jikin ƙato. Hannunsa na gandu ne kafin ya zama na dandali. Uban da ya ga ɗansa yana ɗingishi ba zai bar shi ya sake fita ba, domin ya san idan damina ta faɗi da wannan ƙafar za a bi kunya. Kalmarsa kuwa ta fi ta makaɗi nauyi.

Darasin farko da ya koya a dandali, tun kafin ya iya taɗiya, shi ne kame fuska. Yana ɗan shekara goma wani yaro ya maka shi da ƙasa, ya fashe da kuka. Ƙanen mahaifinsa ya ja shi gefe ya shaida masa cewa kowa na shan ƙasa, kukan ne abin kunya. Wannan horo yana da fuska biyu. Ta farko ta tarbiyya ce. Bahaushe yana ƙyamar raki ga namiji, kuma maƙwabtansa Fulani, waɗanda ƙasar Bungudu ke cike da su, sun kai abin maƙura a wasan sharo, inda saurayi zai tsaya a zabga masa sanda a jiki, fuskarsa ba ta ko motsa ba. Ta biyu ta dabara ce. Kokawa karatun jiki ce. Da ƙatti biyu sun haɗa ƙirji, kowannensu yana lalube: ina nauyin abokin karawa ya karkata, wace ƙafa yake tsoron takawa, wane hannu yake saurin janyewa. Wanda ya bari aka gane inda ke masa ciwo ya gama bayar da kansa. Shi ya sa ɗan kokawa yake ɓoye rauninsa yadda yake ɓoye abin da aka rubuta a cikin layarsa.

A nan ne kokawar Hausa ta sha bamban da kokawar Turawa da matasan Gusau ke kallo a gidajen kallo da wayoyinsu. A wasannin kamfanin WWE na Amurka, an riga an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali, amma jikin da ake jefawa na jini da tsoka ne, kuma yana karyewa. A watan Mayun 2001, jijiyar cinyar Triple H ta tsinke ana tsakiyar wasa, ya daure ya ƙarasa, sannan ya yi kusan wata takwas yana jinya. A watan Yunin 2022, Cody Rhodes ya shiga kejin ƙarfe ya kara da Seth Rollins alhali tsokar ƙirjinsa ta dama ta rabu da ƙashi. Da ya tuɓe riga, jinin da ya taru ƙarƙashin fata ya baƙanta rabin ƙirjin har zuwa hannu, kuma a kan wannan tabo kyamara ta yi ta tsayawa fiye da minti 20. Tun a 1957 masanin adabin nan na Faransa, Roland Barthes, ya lura cewa abin da 'yan kallon irin wannan wasa ke biyan kuɗi su gani shi ne wahala a bayyane. Can, da yake karawar shiri ce, rauni na gaskiya haja ne da ake baje wa jama'a. A dandalin Hausa karawar ta gaske ce, don haka dole raunin ya ɓuya. Akwai kuma bambanci na biyu da masu kallon waya ba sa gani: bayan 'yan kwanaki aka yi wa Rhodes aiki, ya huta har watan Janairun 2023, kuma gidansa bai rasa tuwo ba.

Mutumin Bungudu bai taɓa tunanin kokawa za ta zama sana'arsa ba. Gona ce sana'arsa. Amma tun daga wajen 2011 matsalar satar shanu ta fara ruruwa a Zamfara, ta rikiɗe ta zama kai hari a ƙauyuka da sace mutane don neman kuɗin fansa, har ta kai wasu garuruwa sai sun biya 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Shekarar da aka sace ƙanensa, aka sayar da shanun noma da rabin gandu aka fanso shi, a shekarar ce ya kwashe iyalinsa ya nufi Gusau, tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 da ɗoriya ba amma ta raba shi da duk abin da ya sani. Ya kama ɗaki ɗaya a bayan gari, ya shiga dako. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar domin a takura wa 'yan bindiga. Kaya suka rage shigowa, 'yan dako kuwa kullum ƙaruwa suke, domin kowane ƙauye da ya tashi ƙarfi kawai mazajensa ke zuwa da shi birni. Da al'amura suka ɗan lafa, sai ya tuna cewa yana da wata hajar ban da bayansa. Yana da suna.

Kokawar birni ba ta jiran kaka. Mai shirya wasa yana kewaye fili, ya sa mai karɓar kuɗin ƙofa, ya gayyaci ƙattin da sunansu zai jawo jama'a. Ana biyan ƙato ɗan abin fitowa, sauran kuma ya dogara da liƙi, liƙi kuwa yana bin wanda ya kayar. Wanda bai fito ba ba shi da komai, kuma wanda ya yi fashi sau biyu ko uku sai a daina nemansa, domin samari masu jini a jika suna nan a layi. Ta wannan hanya abin da ake yi wata biyu a shekara ya koma na kowane mako, kuma babu uban gandu da zai tsaya a ƙofa ya ce yau ba ka fita.

A Tsafe abin ya same shi. An gayyace su wasa, suka bi hanyar Funtuwa da rana tsaka, kamar yadda duk mai hankali ke yi a wannan hanya, suka wuce dutsen Kwatarkwashi, suka isa kafin la'asar. A karawarsa ta biyu abokin karawar ya cicciɓe shi, shi kuma maimakon ya bi faɗuwar ya mirgina, sai ya miƙa hannu baya don ya tsare kansa. Nauyin mutum biyu ya sauka a kan tafin hannu ɗaya. Ya ji wani abu ya yi ƙara a kafaɗa, hannun ya yi sanyi har yatsu. Ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe ƙasa da hannun hagu, ya yi wa jama'a murmushi, ya fita da'ira yana taku ɗaiɗai. Sai da ya ɓuya bayan motar da ta kawo su sannan ya durƙusa ya yi amai.

Da daddare aka kai shi wurin wani tsohon maɗori wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Tsohon ya sa aka riƙe shi, ya shafa man shanu, ya yi addu'o'insa, ya ja hannun a hankali yana juyawa har ƙashin ya faɗa gurbinsa. Ya naɗe kafaɗar da tsumma, ya rataya hannun a wuya.

"Wanga hannu ya koma wurinshi, amma bai zamna ba," in ji shi. "Kwana arba'in nika so, ɗana. Ba kokowa, ba dako. Ko tulu kak ka ɗauka."

"Baba, arba'in ta yi yawa. Mi ɗiya za su ci?"

Tsohon ya dube shi. "Abin da za su ci in hannun ya mutu, su hwara cin shi tun yanzu."

Abin da maɗorin ya faɗa, likitan ƙashi ma da shi zai faɗa da wasu kalmomi. Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace sakewa a jikin mutum, kuma wannan sakewar ce rauninta. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a gurbi mara zurfi, guringuntsi da jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe da shi. Idan ya goce, yakan yage waɗannan maɗaurai. Mayar da ƙashin aikin minti kaɗan ne, amma ɗinkewar abin da ya yage yana ɗaukar makonni. Idan aka ɗora wa gaɓar nauyi kafin lokacin, sai ta sake fita, kuma kowace fita tana sauƙaƙa ta gaba, tana cinye gefen ƙashi, wani lokaci ta taɓa jijiyar da ke ba tsokar kafaɗa umarni. A wannan batu gargajiya da asibiti ba su yi saɓani ba. Maganin da suka rubuta ɗaya ne, wato hutu, kuma shi ne maganin da ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ya yi kwana tara a ɗaki. Maiɗakinsa tana sayar da ƙuli-ƙuli, yara suna talla, ana cin abinci sau ɗaya, wata rana sau biyu. A rana ta goma ɗan aike ya zo: za a yi babban wasa a Gusau, za a haɗa shi da wani saurayi daga ƙasar Tsafe da sunansa ya fara tashi, kuma abin fitowar ya ninka wanda ya saba karɓa. Labarin kafaɗar bai bazu ba, domin ya iya ɓoyo.

"Maigida, ko ka bari sai wani karo?" in ji matar, tana kallon tsumman.

"Mai ɗakin ga ba shi jiran wani karo," ya amsa. Kuɗin haya yake nufi.

A ranar wasan ya kwance tsumman, ya ɗaura kambu a dantsen, wanda duk mai kallo zai ɗauka na tsari ne alhali ɗaure hannun yake yi. Sannan ya haɗiyi abin da ya saya a hannun wani mai tallan magani. Hukumar NAFDAC ta amince ne da ƙwayar taramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, da takardar likita, amma mai 200 da 225 ce ke yawo a ɓoye tsakanin 'yan dako da masu aikin ƙarfi. Magabata ma sun nemi taimako kafin su shiga fili: sun sha jiƙo, sun yi wanka da rubutu, sun ɗaura sagau don hannun abokin gaba ya mutu. Waɗancan duka ƙarfafa zuciya suke yi, ko kuma a nufi abokin karawa da su. Ƙwayar kuwa da jikin mai ita take faɗa. Zafi shi ne ɗan saƙon da jiki ke aikowa ya ce a tsaya, kuma Hausawa sun ce jiki magayi. Ita tana toshe bakin magayin ne, ɓarnar kuma ta ci gaba shiru.

Mutum ɗaya ne a filin ya san halin da ake ciki, wato makaɗinsa, wanda suka yi shekaru suna yawo tare, kuma shi ya riƙe shi a ɗakin maɗori. Kafin a fara ya raɗa masa: "Gwanina, in ka ce in yi shiru, ni yi shiru." Ƙaton ya girgiza kai. Sai makaɗin ya saɓa ganga, ya fara kiran sunan kakanninsa, da garuruwan da ya yi kaye, da mazajen da ya zubar. Duk wanda ya taɓa ganin ƙato yana tsuma a ƙarƙashin kiɗansa ya san wannan ba ado ba ne kawai. Kirari yana tuna wa mutum wanda jama'a suka ce shi ne, kuma da an faɗa a bainar jama'a, ja da baya ya zama ƙaryata kai. Makaɗin shi ma da liƙin wannan rana zai ci abinci. Bai yi ha'inci ba, aikinsa ya yi. Amma a wannan yammaci, kiɗan da ya saba ɗaga ƙato shi ne ya rufe masa ƙofar fita ta ƙarshe.

Suka yi zagaye, suka taɓa yatsu, suka haɗe. A riƙon farko mai ƙarfi, saurayin ya zura hannu ƙarƙashin hammatarsa ta dama ya ɗaga, ƙashin ya sake fita. Ƙaton bai ce uffan ba. Ya manna hannun a jikinsa ya ci gaba da tura ƙirji, yana neman taɗiya da ƙafa, gumi yana zuba. Saurayin ya ji abin da ya faru a tafin hannunsa. Hanya mafi sauƙi tana gabansa: ya murɗa hannun, ya jefa shi ta wannan gefe, kaye mai kyau da zai tayar da ƙura ya jawo ruwan kuɗi. Sai ya saki dantsen, ya sunkuya ya kama cinyoyi, ya ɗaga shi, ya juya shi ta hagu, ya ajiye shi ƙasa kamar mai sauke buhun da ba nasa ba. Jama'a suka yi sowa, amma ba mai yawa ba, domin kayen bai yi armashi ba. Wasu dattawa biyu ko uku da suka taɓa ɗaura walki suka dubi juna.

Bayan an watse, saurayin ya same shi a gefe ana ƙoƙarin mayar da ƙashin, ya durƙusa.

"Yaya, ka gahwarce ni."

"Wa ya ce ka tausaya min?" in ji ƙaton, muryarsa tana rawa. Wannan ne karo na farko da fuskarsa ta ɓaci a ranar.

"Na ji shi ya hita a hannuna. Da na murɗa, ba kokowa niy yi ba, hwawa ce."

Ya daɗe bai yafe wa yaron ba. Zafin kafaɗa ya san yadda zai yi da shi, amma a gane rauninsa a fili, a kuma sassauta masa, wannan ya fi masa ciwo. Ya ci gaba da fita har kaka biyu bayan nan, kafaɗar tana gocewa yana mayarwa, har ta kai ko atishawa mai ƙarfi tana tsoratar da shi. Lokacin da ya je asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce sai aiki, aka faɗi kuɗi, sai ya naɗe hoton ya koma gida. Yana nan a ƙarƙashin katifa.

Mai son yanke hukunci cikin gaggawa zai ce wauta ce, wani kuma ya ce jarumta ce. Duka biyun sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko yana da damar ƙin fita. A laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka wallafa a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin ginshiƙan hali, ya kuma lissafa hankali a gefensa. Al'adar da ta koya wa yaro kada ya yi kuka a dandali ita ce kuma ta ce lafiya uwar jiki, ita ce ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba ta taɓa sakin juriya ita kaɗai ba. Ta kewaye ta da lokaci, da uba, da maɗori mai faɗa a ji, da rumbun da zai ciyar da mai jinya kwana arba'in. Saurayin sharo yana iya ƙin shiga fili, ya sha gori, amma ba zai kwana da yunwa ba, kuma saboda yana iya ƙi ɗin ne tsayuwarsa take da daraja. Idan aka ƙwace gona, aka watsa gandu, aka mayar da wasa abin ci da sha, kamannin juriyar suna nan daram, fuska a kame, kirari yana tashi, amma abin da ke ƙarƙashinsu tilas ce. Daga bakin da'ira ba a iya bambance su, kuma wannan ne ya sa jama'a ke tafa wa mutum yana halaka kansa ba tare da sun sani ba.

Kokawa tana iya zama sana'a ba tare da ta cinye masu yin ta haka ba, kuma misalin yana ƙetaren iyaka. A Jamhuriyar Nijar, gasar takobi ta ƙasa ta faro ne a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin. A yau kowace jiha daga cikin takwas tana zuwa da ƙatti goma, akwai alƙalai da dokoki, akwai ma'aikatan lafiya a bakin fili, kuma ƙato irin Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau shida, yana samun abin da zai riƙe shi idan jiki ya nemi hutu. Can ma ana jin rauni, can ma ana ɓoyewa. Amma akwai wanda aikinsa ne ya duba, akwai kuma hukumar da za a tambaya. A Nijeriya ana yin kokawa da dambe da langa a gasar wasanni ta ƙasa, sai dai filayen mako-mako da yawancin ƙatti ke ci daga gare su suna can nesa da wannan tsari. Sun fita daga hannun uban gandu, ba su shiga hannun kowa ba.

Akwai kuma abin da wannan labari ke nema daga masu nazarin Hausa. Ƙasar Zamfara da Sakkwato ta ba fagen nazari taska mai yawa ta waƙoƙin maza. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago na ƙasar Mafara an rubuta su, an feɗe salonsu da jigonsu a kundaye masu yawa, kuma ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyar da ɗalibai ke bi wajen nazarin irinsu. An kuma yi aiki mai zurfi kan maganin gargajiya, da ɗori, da tsari. Amma waƙar maza muryar makaɗi ce, kuma makaɗi aikinsa ya ɗaga, ba ya kai rahoton jinya. Idan daga bakinsa kaɗai aka ɗauko tarihin jarumta, za a sami ƙato yana shiga fili, a sami ƙato yana kayarwa, sannan ya ɓace. Ba za a ji yadda yake sa riga yana ɗan shekara 45 ba. Ba za a ji matar da ta jiƙa tsumma a ruwan zafi kullum da asuba ba. Ba za a ji saurayin da ya bar kaye mai tsada ya ɗauki mai arha ba, domin ba a yi wa sassauci kirari, duk da cewa kowane almajiri a Gusau ya san hadisin da ya fifita mai mallakar zuciyarsa a kan mai kayar da mazaje. Tsofaffin 'yan kokawa da 'yan dambe suna nan a tashoshi da kasuwanni, suna gadi, suna tura baro, kuma a gaɓoɓinsu akwai rabin tarihin da ganga ba ta kaɗa ba. Ba su saba a tambaye su ina ke ciwo ba, kuma amsar ba ta fitowa a zama ɗaya.

Mutumin Bungudu yanzu ya bar ɗaukar buhu, yana tsaron kayan wani ɗan kasuwa. Har yanzu yana zuwa fili idan ana wasa, ya zauna kusa da inda ƙatti ke shiri. Samarin suna girmama shi, wasu su kawo masa kambu ya ɗaura musu don neman albarka. Yana ɗaurawa da hannun hagu da haƙora. Kafin ya saki yaro, sai ya danna babban yatsansa a gaban kafaɗar, ya matse gwiwa, ya bi haƙarƙari, idonsa yana kan fuskar yaron. Duka sun iya kame fuska, shi ma haka aka koya masa, amma ya san inda ido ke ƙyaftawa. Idan ya gani, yakan raɗa wa yaron a kunne cewa yau ba ranarsa ba ce. Wasu suna ji su tuɓe walki. Wasu su ce, "Baba, mi ɗiya za su ci?" Waɗannan ba ya ba su amsar da maɗori ya ba shi, ko da yake bai manta da ita ba. Yana ƙara ɗaure kambun, ya gaya musu ta wane gefe za su faɗi.